Sanarwa: saukar Alƙur'ani ta wata-wata

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daga ɗaya ga wata za mu soma sauka: izu sittin cikin kwana talatin, izu biyu kullum, wato sumuni goma sha shida. A karanta huɗu bayan Asuba kafin a buɗe shago, uku-uku bayan sauran sallolin.

Inda ake faɗuwa shi ne barin karatun sai dare. An rufe rumfa, an zauna ƙirga sefa, ido ya yi nauyi, Mus'hafi yana kan buhu ba a taɓa ba. Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maradi, sun fi haɗari. A rage nauyin tun da asuba. Ku duba Suratul Munafiƙun, aya ta 9: kada dukiya da ƴaƴa su shagaltar da mu daga ambaton Allah.

Wanda izu biyu suka yi wa yawa ya ɗauki ɗaya, ya sauke a wata biyu.