Zuwa ga ɗana da ke koyar da Turanci a Fatani, kudancin Tailan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, kowa a gida lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi.

Ƙanwarka ta karanta mini saƙonka, inda ka ce kalmomin ɓacewa da na zama a baya sun gagari ɗalibanka, har ka ce yaran Tailan ba su da kai. Wannan magana ba ta yi mini daɗi ba. Amma bari mu fara da aikin.

Kada ka jera musu kalma ashirin a allo. Huɗu sun isa darasi guda. Fitar da su fili su yi layi suna tafiya. Wanda ya bar layi ya nufi gefe, ka ce "wander off". Wanda ya rage sauri har aka bar shi, "fall behind". In ya sheƙa ya cim musu, "catch up". In ya ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa da su, "keep up". Sai mako na gaba ka kawo "stray" da "lag", kuma kowace ta zo da abokiyar tafiyarta: "stray from", "lag behind". "Go astray" da "straggler" su jira zango na gaba.

Bakinsu ne matsalar, ba ƙwaƙwalwarsu ba. Harshen Tai ba ya fara kalma da s manne da t, shi ya sa suke cewa "sa-tray", kamar yadda namu ke cewa sukuru maimakon "screw". Amma suna da t da r a haɗe. To fara da "tray", sannan su ja sss a gabanta, kada wasali ya kutsa tsakani. A ƙarshen kalma kuma g tana koma musu k, "lag" ta zama "lack", ma'ana ta ɓaci; l tana komawa n, "fall" ta fito "fon". Maganinsa su fara da "lagging" da "falling", inda harafin ke tsakiya, sannan a datse wutsiyar. Aikatau a harshensu ba ya sauya siffa don lokaci, saboda haka "fell" da "fallen" sai an maimaita kullum, a raba su da "felt".

Yanzu abin da ke hana ni barci. An ce mini da 'yan bencin gaba kaɗai kake yi, na baya ka sallama su. In gaskiya ne, ka ji tsoron Allah. Albashin dukan ajin kake karɓa. Yaron can ba zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba; suna da wata kara da suke kira "kreng jai", ba sa son ɗora wa babba nauyi, sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Kai kuma ka wuce, ya cika shekara bai tsinci komai ba, iyayensa suna zaton amana suka bayar. Wa zai biya wannan haƙƙi? Ni ba zan so kuɗin da kake aiko mana ya kasance da haƙƙin ɗan wani a ciki ba. Kun sha cewa na matsa muku da bita bayan magariba. Na matsa, kuma da ita kake cin abinci yau. Kai da aka jira sai da ka gane, yau kai ne mai cewa wasu ba su da kai?

Na san zafi da kaɗaici da ajin da ya cika suna gajiyar da mutum, ba kuma na shakkar zuciyarka. Daina tambayarsu ko sun gane. Minti biyar kafin a tashi, raba ƙananan takardu, kowa ya rubuta jimla ɗaya da kalmar ranar. Ware waɗanda suka kasa, da su za ka fara washegari, su kaɗai a gefe, ba a gaban aji ba, don kunyatarwa a bainar jama'a tana rufe musu baki gaba ɗaya.

Ka rubuto mini jimlolin 'yan baya yadda suke, da kurakuransu, mu duba tare. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka.