Yawun ƙanena cikin 'yar kwalba ya tada muna ƙura

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, ya gida ya yara, ya kuma haƙuri da mu masu damunki da wasiƙu kullum. Na daɗe ina sauraron shirinki, galibi ina tsakiyar tuƙin tuwo nike ji, ban taɓa kawowa a raina wata rana ni ma za a karanta tawa ba. Don Allah kar ki faɗi sunana, kin san Maraɗi duk girmanta in dai wajen magana ce ɗaki guda ce. Ki ce dai wata malamar lakkol.

Mu Gobirawa ne, tushenmu Tibiri, nan kusa. Babanmu ya haura shekara 80, yana nan da tsagensa tun daga gefen baki har kunne, kuma ba abin da ya fi so irin a zauna bayan isha'i ya jawo tarihi, yadda kakanni sunka fito daga gabas wajen Misira, sunka zauna Abzin, sunka gangaro Birnin Lalle, har Alkalawa, har faɗuwarta a 1808 zamanin jihadi, sannan waɗanda sunka rage sunka zo sunka kafa Tibiri. Mun ji shi ya fi sau ɗari, jikoki har kwaikwayon muryarsa suke in ba ya kusa.

To ƙanena da ke bi mini yana Amurka shekara shida ke nan. Can yana da abokai baƙaƙen fata 'yan ƙasar da ke yin wani gwaji na neman asali, su kam da dalilinsu tunda cinikin bayi ya yanke musu igiya ba su san inda anka kwaso kakanninsu ba. Shi da ya san sunan kakansa na biyar ban san me ya kai shi ba. Ya ce rangwame anka yi ya saya. Ana aiko maka 'yar kwalba ka tofa yawu ciki ka rufe ka maida ta gidan waya, bayan 'yan makwanni sakamako ya shigo maka a salula. Maimakon ya kira ni mu duba tare, sai yaron nan ya ɗauki hoton abin ya watsa a gurup ɗinmu na dangi na WhatsApp, ƙarfe uku na dare agogonmu, har da fuskokin dariya. Mutum sittin da wani abu ke cikin gurup ɗin Hajiya, da surukai da waɗanda ni kaina ban san wa ya saka su ba.

Takardar ta ce mafi yawan jininsa Nijeriya ne, da ɗan Mali, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na arewacin Afirka. Nijar ko sunanta babu. Misira babu, ƙasar Larabawa babu. Wannan kaɗai ya isa yara su fara tsokana wai ina Misirar Baba. Amma abin da ya ɓata ruwan yana can ƙasa, wajen da anka rubuta layin uba: R1b.

Ɗan kawunmu, abokin wasanmu ne kin san taubashi bakinsa ba linzami, ya saka haruffan nan uku a intanet sai taswira ta fito masa da yammacin Turai jawur, Faransa da Ispaniya da Ingila. Nan take ya yi saƙon murya yana ƙyaƙyata dariya wai ashe 'ya'yan gwaggo jikokin kumandan ne, shi ya sa ba sa iya noma. Cikinmu wasa ne, mun rama ma. Sai dai saƙon murya ƙafa gare shi. Kwana huɗu ya isa gidan mutanen da ke neman auren autarmu.

An riga an kai gaisuwa, an karɓi kuɗɗi, saura sa rana. Ran wata Talata da hantsi sai ga gwaggon yaron da ke neman auren ta yi sallama. Innarmu ta shimfiɗa mata tabarma ta dama fura, matar nan ta ɗaga ludayi ta maida ko kurɓa ba ta yi ba. Ta yi ta kewaye-kewaye, zafi, tsadar hatsi, ciwon gwiwa, can ta gyara lulluɓi ta ce su dai sun ji wata magana ne kuma gara a ji daga bakin masu ita, wai an ce na'ura ta nuna akwai jinin Nasara a gidan, kuma tsofaffinsu sun tuna kakar Malam, wato Babanmu, tana kai nono da itace bariki zamanin Faransawa, kuma ai kowa ya san mahaifin Malam jatau ne. Ta ce ba wai sun fasa ba ne, suna so dai su yi bincike. Innarmu ba ta ce uffan ba, ina kallon hannunta yana rawa bisa faifan da ta rufe furar da shi. Matar da ta rasu tun kafin a haifi Inna, ita ce yau anka tono anka jefa da wannan ƙazanta saboda yawu.

Ni kimiyyar halittu nike koyarwa a koleji, don haka ban tsaya kuka kaɗai ba, na ce ƙanena ya turo mini takardar gaba ɗaya na zauna na bi ta dare uku. Ga abin da na gane, ki gyara mini in na kauce.

Kowane mutum yana da tagwayen ƙwayoyin gado 23, rabi daga uwa rabi daga uba. Kaka guda yana ba ka kusan kashi 25 cikin ɗari, mahaifin kaka kusan kashi 12 da rabi. Wanda suke zargi, in da akwai shi, shi ne kakan Baba, ke nan da ƙanena ya fito da wajen kashi 12 na Turai, ko ya ragu ba zai ɓace ƙurmus ba cikin tsatso uku. A takardar Turai sifiri ce. Wannan kaɗai ya kashe maganar ga mai son ya ji.

Shi kuwa R1b ɗin, alama ce a ƙwayar Y wadda namiji ke gada daga ubansa, shi ma daga ubansa, haka har can. Reshe ne babba mai 'ya'ya da yawa, kuma gaskiya ne ya cika yammacin Turai. Amma kusa da shi a takardar an rubuta V88, wanda ɗan kawu bai ko kalla ba. Wannan reshen daban ne da na Faransawa, sun rabu tun shekaru dubbai. Masana daga Italiya sun fitar da bincike a kansa a 2010, sun same shi da yawa a wajen tafkin Chadi da arewacin Kamaru, cikin ƙabilun da harsunansu dangin Hausa ne, da cikin Hausawa su kansu, kuma suna danganta yaɗuwarsa da lokacin da Sahara ke da ruwa da ciyawa, zamanin da mutane ke sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse irin na Dabus can wajen Agadas. Wato abin da anka ɗauka tabon Bature, ya riga kumandan zuwa ƙasar nan da dubban shekaru. Da za a tara mazan babbar kasuwa a gwada su, na tabbata ba ƙanena kaɗai zai fito da shi ba, wa ya sani ma ko har da ango.

Maganar Nijeriya kuwa dariya ta ba ni. Kamfanonin nan ba su da wata na'ura mai karanta sunan ƙasa a cikin jini, kwatanta ka suke da mutanen da sunka riga sunka tara samfurinsu, wanda ka fi kama da su sai a liƙa maka sunan ƙasarsu. Mutanenmu kaɗan ne cikin ma'ajiyarsu. Kuma iyakar da ke tsakanin Ɗan Isa da Jibiya Faransa da Ingila sunka shata ta jiya-jiya, jinin Bagobirin Tibiri da na Sabon Birni ina ya san da ita. Ƙanena ma ya ce bayan wata biyu alƙaluman sun canja da kansu, Mali ta ragu wani abu ya ƙaru, alhali yawun dai shi ne. Kuma da ni zan yi, nawa ba zai zo daidai da nasa ba duk da uwa ɗaya uba ɗaya muke, don ba rabi iri ɗaya kowa ke ɗiba ba.

Ta Misira ce ban san yadda zan yi da ita ba a zuciyata. In ka koma baya tsatso goma kana da kakanni 1024 a lissafi, da yawansu ko ɗigo ba su bar maka ba, shi kuma layin Y mutum guda tak yake bi cikinsu. Saboda haka takarda ba ta isa ta ce ƙarya Baba yake ba, ba ta kuma isa ta gaskata shi ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, ni ma da na ga babu sai da na ji wani iri, kamar an ɗauke wani tsohon tulu daga ɗakin Inna da ban taɓa shan ruwansa ba amma na saba ganinsa.

Na ɗauki duk wannan bayani na tafi wajen gwaggon yaron da kaina, har da 'yar takarda na zana mata reshe-reshe kamar ina gaban allo. Ta bari na gama tas sannan ta ce, ɗiyata ke kin yi boko mu ba mu yi ba, tambaya guda ce, abin nan da ke jikin Nasara an same shi jikin ƙanenki ko ba a samu ba? Na ce an samu amma, ta ce to. Wannan "to" ɗin har yanzu yana mini yawo a kunne. Na fito ina jin haushin kaina, na san na yi wauta, mace ƙarama ta je tana koya wa tsohuwa karatu a ɗakinta.

Maigidana ya kai maganar wajen limamin unguwarmu. Malam ya ce a shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, ya kawo hadisin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa don ya fito baƙi, Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye, ya ce babu mai toka-toka a ciki, ya ce akwai, ya ce daga ina, mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta fizgo, Annabi ya ce to ɗanka ma haka. Ya ƙara da cewa sukar nasaba aikin jahiliyya ne, kuma jifar matar da ke kabari da irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ji sanyi ƙwarai. Sai dai Malam a zaurenmu ya faɗa, ba a nasu ba.

Yanzu ƙanena, da ya ga ɓarnar da ya yi, wai zai aiko kwalabe uku a gwada Baba da ƙanen Baba da wani ɗan baffanmu don a rufe bakin kowa. Hajiya wannan ya fi komai tsorata ni. Abin nan ba asali kaɗai yake nunawa ba, yana auna kusancin duk waɗanda sunka yi shi, 'yan uwa ciki ɗaya wajen kashi 50, 'yan uba wajen 25, 'ya'yan wa da ƙane wajen 12 da rabi. Ba na zargin kowa wallahi, amma gida ne babba mai mata da yawa da riƙon 'ya'ya da tallafi, akwai waɗanda anka shayar anka rena ba a taɓa ce musu ba nan anka haife su ba. In lamba guda ta zo ba yadda ake zato ba wa zai iya kashe wutar? Ga kuma inda yawun ke zuwa. Na karanta cewa wani babban kamfani mai suna 23andMe, ba shi ne ƙanena ya yi da shi ba, ɓarayin intanet sun taɓa bayanan mutanensa kusan miliyan 7 a 2023, a watan Maris na 2025 kuma ya shiga kotu kan karyewar jari. Ɗiyar ƙawata da ke karatu a Faransa ta ce can ma doka ta hana mutum ya yi irin gwajin nan don ra'ayin kansa, tarar ta kai Yuro 3750. Su da sunka ƙirƙiro abin suna taka-tsantsan, mu kuma mu ɗauki yawun tsoho mu aika.

Gida dai ya rikice. Inna ta daina ɗaga wayar kawu saboda ɗansa, shi kuma kawu ya ce yaro wasa ya yi, wanda ya tofa yawun shi ne mai laifi. Auta ta kulle kanta a ɗaki, yau ta ce a maida musu kuɗɗinsu ita ba ta shiga gidan da za a riƙa yi wa 'ya'yanta gori, gobe in same ta tana kallon hoton yaron. Shi yaron yana kira yana ba da haƙuri, ya ce shi bai damu ba, amma ba shi da ta cewa gaban gwaggonsa, ita ta rene shi.

To Hajiya ki ba ni shawara. In hana ƙanena aiko kwalaben nan ko in bari, tunda shi gani yake ita ce kaɗai hanyar wanke kakarmu? Wa ya dace ya je gidan mutanen nan, liman ko wani dattijo daga Tibiri ko mu nemi lokotoro ya yi musu bayani, ko kuwa bin su da bayani ma ƙara wa maganar nauyi ne? Kuma in sun dawo sun ce sun yarda, in ƙarfafa wa auta ta shiga ko in bar ta da zuciyarta?

Babba cikinsu ita ce ta Baba. Har yau bai sani ba, ba ya riƙe babbar waya kuma duk mun haɗa baki. Yana da hawan jini, kuma kakar nan tasa ita ta goye shi, in ya ambace ta har yau sai ya yi mata addu'a. Ina tsoron in faɗa masa, ina kuma tsoron ya tsinta a bakin masallaci daga wanda ba zai tausasa ba. Jiya da la'asar ina zuba masa ruwan alwala ya ɗago ya ce wai mutanen nan shiru, ba sun ce wannan watan za su zo sa rana ba? Na ce gwaggon ce ke fama da gwiwa. Ya ce Allah ya sawwaƙe, in Allah ya kai mu Juma'a in an sauko shi zai biya ya duba ta.

Yau Litinin. Don Allah in da hali ki karanta tawa kafin Alhamis.

Taki,
Malamar lakkol daga Maraɗi