Dan Allah a bar yaranmu su leƙa sama da madubin hangen nesa

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, da fatan kuna lafiya. Ni mai karanta jaridarku ne daga nan Garwa arewacin Kamaru, a waya nake bibiyarku tunda takardar bata isowa nan, kuma yau ne karo na farko dana rubuto muku saboda haka ayi min haƙuri in maganar tayi tsawo.

Sana'ata haɗa parabol, faifan nan na kama tashoshin talabijin. Na fi shekara 15 ina hawa rufin gidajen mutane ina juya faifai wajen sama, amma wlh ban taɓa tsayawa na kalli saman nan da gaske ba sai bara, da ɗan yayata dake karatu a jami'a a Ngaundere yazo hutu da wani dogon kwali. Yace Kawu teleskop ne, madubin hangen nesa, kuɗin dana tara na sayo na hannu. Ni a raina nace yaro ya ɓarnatar da kuɗi. Bututu ne kawai kamar guntun tiyo mai kauri, a gindinsa daga ciki akwai madubi mai lanƙwasa faɗinsa santimita 13, sai wani ɗan ƙaramin madubi kusa da baki dake turo hasken gefe inda ake sa ido. Ina leƙa cikin bututun naga lanƙwasar madubin nan nace kai, ai wannan parabol ne! Yayi dariya yace Kawu ka riga ka gane rabin karatun, yadda faifanka ke tattaro siginal ya tara shi a kan ɗan kan nan dake gaba, haka madubin nan ke tattaro haske ya tara shi waje guda.

A nan na fahimci abinda yawancinmu muke kuskure akai. Mu mun ɗauka aikin na'urar shine ta ƙara ma abu girma, alhali babban aikinta tara haske ne. Ƙwayar idon mutum ko a cikin duhu buɗewarta bata wuce kamar milimita 7, to madubi mai santimita 13 yana kama haske sama da ninki 300 na abinda ido ke kamawa, kamar wanda ya tari ruwan sama da murfin kwalba da wanda ya tara da daro ne. Shi yasa tauraron da ido bai san dashi ba sai ya bayyana.

Da daddare muka hau moto, wato babur, muka fita bayan gari ta hanyar Pitowa, ni da shi da mahaifina da yarana biyu a moton maƙwabci, lokacin damina ta ɗauke hazo bai sauko ba tukuna, wata yana kwana bakwai. Baba ya haura shekara saba'in, manomi ne kuma almajiri, ya haddace taurarin damina tun yana yaro, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, kowanne da kwanakinsa da irin ruwansa, dasu yake sanin lokacin shuka ba da kalanda ba. Shi aka fara ba wa. Ya sa ido yayi shiru, yayi shiru har muka fara tunanin ko bai ga komai ba, can sai yace subhanallahi, ashe watan nan duwatsu ne da ramuka. Kuma haka ne, daidai kan iyakar haske da duhu zaka ga ramukan da inuwarsu ɓaro-ɓaro kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Abinda ya ƙara ɗaure min kai, minti ɗaya ko biyu sai kaga watan ya sulale ya fita daga madubin sai an sake juyawa, nace ko ƙafar na'urar ce ke motsi, yaron yace a'a Kawu ƙasar da muke tsaye a kai ce ke juyawa. Mun karanta wannan a lekol, amma gani ya kori ji.

Daga nan ya juya kan Mushtari, wanda Turawa ke kira Jupita, muka ganshi ɗan dunƙule mai zane biyu a ciki da wasu ɗigo huɗu a jere a gefensa kamar an ja layi. Watanninsa ne. Washegari da muka sake dubawa daga tsakar gida sun canza waje, ɗaya ma ya ɓuya. Waɗannan ɗigo huɗun sune Galileo mutumin Italiya ya gani a 1610 da wani ɗan madubin da bai kai na yaron nan kyau ba, bayan masu yin tabarau a Holan sun ƙirƙiro na'urar a 1608. Irin mai madubi a gindi kuma Isaac Newton ne ya haɗa ta a Ingila a 1668. Zara kuwa, matar wata da muke cewa, ba ɗigon haske bace kawai, a madubin tana fitowa da siffar wata, wani lokaci rabi wani lokaci siririya kamar jinjiri, kuma ita ce dai Gamzaki da muke gani da asuba in ta koma ɓangaren gabas. Baba yayi gardama kan wannan sosai kafin ya yarda, har yau ma bana jin ya yarda duka.

Amma inda suka haɗu shine kan Kaza da 'ya'yanta. Baba ya nuna ta yace Surayya kenan, jan tauraron nan dake bin ta a baya kuma Dabaran. Yaron ya ɗaga wayarsa mai manhajar taurari sai ga suna ya fito Aldebaran, sunan Larabci ne Turawan suka ɗauka yadda yake basu canza ba, kuma ba shi kaɗai bane taurari da yawa haka suke. Wanda ma ya fara bayani mai hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga abinda ake kallo, Ibnul Haisam ne, haifaffen Basra da yayi aikinsa a Alƙahira shekaru kamar dubu da suka wuce. To dan Allah ta yaya ilimin da malaman Musulunci suka yi renonsa zai koma kayan baƙi a wajenmu?

Wannan ne ya kawo ni ga abinda ke ci min rai. A taron iyayen yara na lise, wato sakandaren da 'yata take, na miƙe na kawo shawara cewa cikin kuɗin da muke tarawa duk shekara a sayi ƙaramin teleskop guda ɗaya, kuɗinsa bai kai na sabon moto ba. Wani dattijo da nake girmamawa yace wannan ai duba ne, za'a koya wa yara bokanci. Wani yace leƙen asirin Allah ne. Aka bar maganar a nan, na dawo gida raina a ɓace. Jama'a, ilimin falaki daban, duban taurari daban. Mai duba shine zai ce maka tauraronka kaza ne zakayi arziki ko aurenka zai mutu, wannan ƙarya ce kuma addini ya hana. Masanin falaki bai san gobenka ba kuma baya da'awar ya sani, abinda yake yi awo ne da lissafi, nisan abu nawa, zafinsa nawa, da me aka yi shi. Allah da kansa ya faɗa a Suratur Rahman cewa rana da wata da lissafi suke tafiya, kuma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu akayi husufin rana mutane suka ce saboda rasuwar ne, Annabi da kansa ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne basa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Ni tambayar da ta dame ni ita ce, hangen Dala ba shiga birni ba, mutum bai je tauraro ba ta yaya zai san abinda ke cikinsa? Amsar tana cikin hasken. In aka ratsa da haske ta cikin gilashi mai kusurwa sai ya warwatse launi-launi kamar bakan gizo, a cikin launukan akwai wasu siraran layuka, kowane sinadari da nasa layin kamar zanen yatsa. Da haka aka gano iskar hiliyom a jikin rana a 1868, ba'a same ta a nan duniya ba sai 1895. Sannan shi hasken tafiya yake, kilomita 300,000 a sakan ɗaya, na rana minti takwas da 'yan sakanni yake kafin ya iso mana, na Kaza da 'ya'yanta sama da shekara 400. Akwai wani ɗan fari-fari kamar hayaƙi ta wajen arewa da ya nuna mana, Andromeda, tarin taurari ne guda irin namu, hasken da ya shiga idonmu a daren nan shekara miliyan biyu da rabi yayi a hanya. 'Yata tace Baba kenan abinda ya wuce muke kallo, nace haka yayanki yace, ni kaina sai da na kwana ina juya maganar.

Manyan na'urorin kuma akan kai su kan duwatsu inda ba gajimare ba fitilun gari, irin hamadar Atakama a ƙasar Cile inda ake da guda huɗu kowanne madubinsa mita 8.2, saboda iskar dake samanmu ita ke sa taurari ƙyaftawa tana ɓata hoto. Wasu ma an fitar dasu daga iskar gaba ɗaya, Hubble tun 1990 yake zagaya duniya da madubi mita 2.4, James Webb kuma an harba shi ranar 25 ga Disamba 2021, madubinsa mita 6.5 gutsure 18 ne aka haɗa aka shafe su da zinariya, yana can nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi yana kama hasken zafi wanda idon mutum baya gani. Kada kuma a ce na Turawa ne kawai. Afirka ta Kudu nada SALT a Sutherland mai gutsuren madubi 91, tana da MeerKAT faifai 64 dake sauraron siginal ɗin rediyo daga sama, wanda ni dana ga hotonsa naji kamar 'yan uwan sana'ata ne. Gana ma wani tsohon faifan sadarwa mai mita 32 a Kuntunse suka gyara ya koma na binciken sama a 2017. Habasha nada nata a dutsen Entoto. Mu fa? Muna kusa da tsakiyar duniya, muna ganin taurarin arewa da na kudu duka, a ƙauyukanmu da wajen duwatsun Kapsiki duhun dare na nan yadda Allah ya yi shi, ko a cikin gari in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke sai kaga sama ta cika maƙil.

Sai maganar ganin wata, wadda nasan ita ce zata fi jan hankalin masu karatu. Akwai shekarar da a gidanmu ɗaya aka yi sallah biyu, wasu sun bi labarin da ya tsallako daga ƙetaren iyaka ta waya, wasu sun jira sanarwar nan gida, ina azumi ƙanena na cin abinci a gabana, abin ba daɗi ko kaɗan. Ni ba malami bane, hukuncin ko ganin da akayi da na'ura ya wadatar ko sai na ƙwayar ido, wannan na malamanmu ne kuma ina bin abinda suka yanke. Amma akwai abinda lissafi ke iya taimakawa dashi ba tare da ya taɓa hukunci ba. Watan sama kwana 29 da rabi yake ɗauka daga haihuwa zuwa haihuwa, ana sanin sa'ar da zai haɗu da rana, da inda zai tsaya a yamma, da minti nawa zai yi bayan faɗuwar rana kafin shima ya faɗi. Mafi ƙanƙantar jinjirin watan da aka tabbatar an gani da ido ya haura awa 15 da haihuwa. To in lissafi ya nuna wata ya riga rana faɗuwa a ranar, wani kuma yazo yace ya gani, ba sai ance yayi ƙarya ba, ƙila Zara ya gani ko wani siririn gajimare, amma ya kamata a tsaya a bincika. In da masu fita duban wata a Garwa da Marwa da Kusuri har Injamena kowanne nada na'ura ɗaya da wanda ya iya saita ta, da rigimar nan ta ragu sosai.

Gargaɗi ɗaya ga duk wanda zai saya, kada a kuskura a kalli rana da ita ba tare da matacin da akayi don haka ba, ko na sakan ɗaya, tana ƙona ido makanta ce ta har abada, kuma kada a bar yara da ita su kaɗai da rana. Ina faɗar haka ne saboda ranar 2 ga Agusta 2027 akwai husufin rana babba da zai rufe ta ruf ta kan Maroko da Libiya da Masar har Makka, mu a nan wani ɓangare zamu gani, kuma nasan yara zasu so kallo.

Roƙona gareku Malam Edita, ku ware ko ɗan gefen shafi ne duk wata ku riƙa faɗa mana da Hausa abinda za'a gani a sama, yaushe Zara zata fito, yaushe husufi, da sunayen da iyayenmu suka sani kafin su tafi dasu. Ni kuma zan sake tada maganar a taron iyaye mai zuwa, yaron yayi alkawarin zai bar mana na'urar tasa in yazo hutu, kuma na riga na gayyaci dattijon nan da yace duba ne yazo ya sa idonsa da kansa, yace in Allah ya kaimu zai zo.

Wassalam, naku mai haɗa parabol daga Garwa.