Amsa ga Honarabul: kafin majalisa ta rufe titi domin tseren keke

Assalamu alaikum Honarabul, ranka ya daɗe.

A taron unguwarmu ta Nima da ke Accra, Ghana, ka miƙe gaban jama'a ka jefo mana tambaya, mu da ke shirya tseren keke da tsare hanya ranar tsere. Ka ce wani kamfani ya nemi a rufe masa titin Kanda da Ring Road rabin yini domin mahaya kusan 2,000, majalisar ƙaramar hukuma kuma za ta zauna a kai, to a yarda ko a ƙi? Tunda a bainar jama'a ka tambaya, ga amsa a bainar jama'a. A yarda da tseren, amma kada a yarda da wannan hanyar, kuma kada a sa hannu sai an ga abubuwan da za mu faɗa a rubuce.

Abu na farko da majalisa za ta tambayi kamfanin shi ne wane irin tsere ne, domin iri biyu ne kuma nauyinsu ba ɗaya ba. Tseren ƙwararru, mutum 200 ko ƙasa da haka, suna tafiya a dunƙule da gudun kilomita 40 a awa. Irin wannan ba ya bukatar a kulle titi duk safiya. 'Yan sandan MTTD masu kula da zirga-zirgar motoci, a kan babur, suna gaba suna tsayar da motoci, ayari ya wuce, motar ƙarshe ta wuce, a buɗe. Kowace mahaɗa ba ta wuce minti 15 zuwa 20 a rufe. Hawan gayya kuwa, wanda kowa ke biyan kuɗi ya shiga, shi ne mai cin titi. A nan ba gudun na gaba ake lissafi da shi ba, gudun na baya ne. Mai tafiya kilomita 15 a awa zai ci awa 4 kafin ya gama kilomita 60. Mutum 2,000 kuma ba a sakinsu lokaci guda, sai rukuni-rukuni, 200 kowane minti 3, wato rabin awa ke nan kafin na ƙarshe ya bar layin farawa. Ƙara awa guda ta jera shinge da wata ta kwashewa, za ka ga rabin yinin da suka ce ya kai bayan azahar.

Maganin wannan sananne ne: a yanke lokacin rufe ƙofa. A rubuta cewa wanda bai kai wuri kaza ba da ƙarfe kaza ya fita daga tsere, motar da ke bin baya ta ɗauke shi da kekensa, titi ya buɗe a bayanta. Takardar da ba ta da wannan jadawalin, mahaɗa bayan mahaɗa, a mayar musu da ita.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ta fi damun mu. Ka san yadda Nima take zaune, Ring Road a kudu, titin Kanda a gabas. In aka rufe su tare, an ɗaure unguwa ta ɓangare biyu, duk trotro (ƙananan bas na haya) da tasi da aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) za su tattaru a kan babban titin Nima da lungunan Maamobi da New Town, inda ko ranar da babu komai mota biyu ke wucewa da kyar. Mai naƙuda da za a kai asibitin Ridge, ko wanda ya faɗi ana neman kai shi asibitin sojoji na 37, duk ta nan suke bi. Ga kuma abin da masu zana hanya a ofis ba sa tunawa: jana'izarmu ba a ɗage ta. Wanda ya rasu da daddare da safe ake kai shi makwanci, ba za a ce wa dangi su jira mai keke na ƙarshe ba. Lahadi ma da ake gani kamar ranar hutu, a zango, wato unguwannin Musulmi irin tamu, ranar aure ce da suna, yara na tsallaka titi zuwa makarantar allo, maƙwabtanmu Kirista kuma na kan hanyar coci tun da sassafe.

Shawararmu ita ce zagaye gajere, kilomita 6 zuwa 8, a maimaita shi sau da yawa, a wajen da ofisoshi suka fi gidaje yawa. Yankin ma'aikatu da filin wasa na Accra da dandalin Black Star ranar Lahadi kusan fayau yake. Zagayen kilomita 8 sau 10 ya ba ka kilomita 80, da kashi ɗaya cikin goma na shinge da ma'aikatan da doguwar hanya za ta ci, 'yan kallo kuma suna ganin ayari kowane minti 12. Sai dai a lura, zagaye gajere ba ya ɗaukar mutum 2,000 a lokaci guda. Masu sauri za su cim ma masu jan ƙafa daga baya, nan ne ake karo mafi muni. Dole a raba su zubi-zubi, ko a rage adadin. Kuma tun da aka rarraba Accra zuwa ƙananan majalisu a 2018, hanya ɗaya na iya ratsa Ayawaso ta Gabas da Korle Klottey da wasu, kowacce da nata izinin. Titin ma ba na majalisa kaɗai ba ne, sai an ji ta bakin sashen kula da hanyoyin birni.

Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda aƙalla kwana 5 kafin taro irin wannan. Kwana 5 na cika doka ne kawai. Aiki na gaskiya wata 3 yake so, da zama da shugabannin GPRTU, ƙungiyar direbobin haya, na kowace tasha da rufewar za ta shafa, da sarakunan zango da limamai da fastoci. A sanar a masallatai Juma'a biyu a jere, a kafa alluna a kan titin mako 2 kafin ranar da lokacin rufewa da na buɗewa.

A bi hanyar da ƙafa, ba a mota ba, sau biyu: wata guda kafin ranar, da kuma asubahin ranar. Tayar keken tsere siririya ce, faɗinta wajen milimita 25 zuwa 28, ramin da trotro ba ya ji shi ne ke jefar da mahayi. A duba murfin kwata da aka sace, da tudun rage gudu, da yashin da ruwa ke tarawa a kwana. Abin da ba a iya gyarawa a shafa masa fenti mai haske, a tsayar da mutum da tuta da usur mita 50 kafin wurin. Kowane lungu da ke fitowa titi yana son mutum guda a bakinsa, manyan mahaɗu kuma ɗan sanda, domin mai okada ba ya jin maganar ɗan sa-kai. Igiya ba ta tsare taro a wurin ƙarewa. Mita 300 na ƙarshe, dama da hagu, shingen ƙarfe ne, in kowane ɗaya mita 2 ne to guda 300 ke nan. A ware wuraren tsallakawa masu ƙofa, a kuma bar layi guda na gaggawa da mutum ɗaya tak mai ikon tsayar da tsere ta rediyo in motar asibiti ko ta kashe gobara za ta ratsa.

A fara da ƙarfe 6, a gama kafin 10, zafin Accra ba ya ragawa mai keke. Ruwa aƙalla leda ɗaya ga kowane mahayi a kowace awa: mutum 2,000 na awa 3 leda 6,000 ne, jaka 200 mai ɗauke da 30. Ledar da aka sha aka yar kuwa santsi ce a ƙarƙashin taya, saboda haka masu shara su tsaya nan take bayan kowane wurin shan ruwa. A kauce wa Yuni saboda ambaliya, da watan azumi da ranakun sallah, da kuma makonnin da masarautar ƙabilar Ga ke hana kiɗa da lasifika kafin bikinsu na Homowo.

Za su kawo muku misalin Kigali, wadda ta ɗauki gasar duniya ta tseren keke a Satumbar 2025, karo na farko a Afirka. Gaskiya ne, amma sai da aka rufe makarantun birnin tsawon makon, kuma gwamnatin ƙasa ce ta ɗauki nauyin, ba ƙaramar majalisa ba. Misalin da ya fi kusa da aljihunku shi ne Bogota ta Kolombiya, inda tun 1974 ake ware tituna ga masu keke da masu tafiya a ƙafa, yanzu kowace Lahadi daga 7 na safe zuwa 2 na rana, ba kuɗin shiga.

Kuɗi kuma, ranka ya daɗe, nan ne majalisu ke ƙonewa. Kamfani na karɓar kuɗin rajista da na masu talla, majalisa ta tashi da kuɗin shara da faci. A rubuta cewa alawus ɗin 'yan sanda, hayar shinge, motocin asibiti, banɗaki da kwashe shara duk a wuyan kamfani suke, ya ajiye kuɗin jingina kafin ranar, ya nuna takardar inshora da ta rufe mahaya da masu wucewa. A rubuta wanda zai ɗauki asara in an fasa, domin ko babban tseren Cape Town iska ta sa an soke shi da safiyar ranar a 2017. Masu koko da ƙosai da waakye (shinkafa da wake) da rufewar za ta kore wa ciniki a ba su rumfa kyauta a wurin ƙarewa, kada a sayar da wurin ga manyan 'yan kasuwa kaɗai.

Izinin kuma na shekara ɗaya za ku bayar, kada ya wuce haka. Bayan tseren da mako 2 kamfani ya kawo wa majalisa rahoton lokacin da kowace mahaɗa ta buɗe, da adadin waɗanda suka ji rauni, da koken da aka shigar, sannan a yi maganar baɗi.

Wassalam,
Masu shirya tseren keke da masu tsaron hanya na Nima da Maamobi