A ofis suna kirana Mama Gaskiya, amma na taɓa sa hannu a kan ƙarya

Zuwa ga Baba Rabaran,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da Mama da duk masu taya ku aikin shirin nan. Na daɗe ina sauraronku, amma ban taɓa zaton wata rana tawa wasiƙar za ta zo hannunku ba. Don Allah kada ku faɗi sunana ko garinmu.

Shekarata 47, ni ce mai kula da sito a sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma a jihar Kaduna, kuma na shekara 19 a aikin gwamnati. Duk abin da ya shigo, gidan sauro ne, maganin zazzaɓi ne, safar hannu ko sirinji, sai na ƙirga, na shigar a leja, na sa hannu a takardar karɓar kaya kafin a biya ɗan kwangila. Sa hannun nan shi ne duk darajata a wurin.

Mahaifina mai bishara ne a ƙauye. Tun muna yara ya cusa mana maganar gishiri da haske da ke cikin Matiyu sura 5, yana cewa gishiri ba ya shela, a baki ake sanin yana cikin miya. Shi ya sa ban taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki in yi wa kowa wa'azi a ofis ba. Ƙarfe takwas dai ina kan kujerata. Ranar Juma'a ni nake tsare ofis 'yan'uwanmu Musulmi su tafi masallaci, su kuma sukan riƙe mini aiki in muna da taron zumuntar mata. Wani tsohon masinjanmu, malami ne mai tsoron Allah, shi ya laƙaba mini Mama Gaskiya ranar da na mayar da wata ambulan ta cin hanci, sunan kuwa ya bi ni. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin sunan, wataƙila ma fiye da yadda ya kamata.

Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo, a daidai lokacin kuma maigidana ya kwanta da ciwon ƙoda. Sau biyu a mako muke zuwa Zariya wankin ƙoda. Na sayar da filinmu, na ci bashi a ƙungiyar adashi har kunya ta hana ni komawa. Ana cikin haka shugaban sashenmu ya kira ni ofishinsa. Baba, abin da ya fi ci mini rai ke nan: mutumin nan dattijo ne a ikilisiyarmu, shi yake miƙo mana gurasa ranar jibin Ubangiji. Ya tambayi jikin maigida, har addu'a ya yi mini, sannan ya turo mini takarda da ambulan. Takarda ta ce kwali 100 na maganin zazzaɓi, abin da ke sito 70 ne. A cikin ambulan naira 200,000.

Na sa hannu. Ba wanda ya tilasta ni.

Kuɗin bai kai mu ko'ina ba, maigidana ya huta a farkon 2024. Amma kwali 30 ɗin nan ba su bar ni na huta ba. Daminar da ta biyo baya, duk sa'ad da ma'aikacin wani asibitin ƙauye ya zo neman magani na ce masa ya ƙare, sai in ga kamar ina kallon uwar da za a ce wa ta je kemis ta saya, alhali ba ta da ko sisi. Na tuba a ɗakina, na yi azumi, na kuma gaskata Ubangiji ya gafarta mini. Sai dai ban gaya wa ko mutum ɗaya ba, lejar ma tana nan da ƙaryata a ciki.

Yanzu an turo mana wata yarinya 'yar bautar ƙasa, mai bi ce, tana manne da ni kamar 'yar cikina. Yadda nake ƙirga kaya sau biyu haka take yi. Kwanan baya ta tashi a taron matasa ta ba da shaida cewa ta ga Kirista ta gaskiya a wurin aiki, ta kama sunana, aka yi ta tafi. Ina zaune a baya, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Makon jiya shugaban ya sake kirana da wata takardar, wannan karon ta gidan sauro. Na ce masa a'a. Na yi ƙoƙarin bin abin da Matiyu 18 ya koyar, na yi masa magana daga ni sai shi, a matsayin ɗan'uwa cikin Almasihu. Sai ya yi murmushi ya ce, "Madam, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Ya tuna mini cewa in odita ya zo, hannuna ne a kan waccan takardar, ba nasa ba. Ya kuma taɓo maganar canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa, ya san kuwa ina da marayu huɗu a makaranta.

To Baba, ga ni gaba kura baya sayaki. Ƙin sa hannu kam na riga na yanke, ko da za a kai ni ƙarshen duniya. Abin da ya gagare ni shi ne na baya. Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura 19, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, ni wa zan mayar wa? In na kai kuɗin baitulmali sai an tambaye ni na mene ne, daga nan sai kwiri, wato takardar tuhuma, wataƙila kora, fanshon da nake hange ya tafi. Na yi tunanin in riƙa sayen magani da albashina ina kai wa asibitocin nan a ɓoye har in cike, amma zuciyata tana ce mini wannan kare sunana ne kawai, ba tuba ba.

Sai maganar ikilisiya. Nassi ya ce in bai saurare ni ba in ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban jama'a. Amma shi ya sayi rabin kwanon rufin majami'armu, ni kuwa gwauruwa ce da ake tara wa gudunmawa. Maganar wa za a ɗauka? Kuma in na je wurin fastonmu, da laifina zan fara ko da nasa?

Wadda ta fi hana ni barci ita ce yarinyar nan. In na gaya mata, ina tsoron ta ce ashe duk haka muke, ta saki abin da ta kama. In na yi shiru, kullum da safe za ta gaishe da wata mace da babu ita. Shi ma tsohon masinjan, da ya shaide ni a gaban mutanensa, ko ina da hakkinsa a wuyana?

Ɗan kwangilar zai kawo kayan ƙarshen watan nan. In da hali, ku taimaka ku amsa mini kafin lokacin.

Taku cikin Ubangiji,
Wata mai sauraro daga jihar Kaduna