Avare marowaci ne, ba mai haɗama ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna so a ja hankalin masu fassara labarai daga Faransanci zuwa Hausa kan wani kuskure da ke yawan fitowa: sai a ce wa avare “mai haɗama”, a ce wa cupide “marowaci”. An juya su ne.

Tushen ruɗanin yana cikin Latin. A can avarus, daga aikatau avere, wato tsananin so, ya haɗa hali biyu: mai neman tarawa da mai hana fitarwa. Shi ya sa Horace, mawaƙin tsohuwar Roma, ya ce semper avarus eget, kullum avarus a cikin buƙata yake. Da kalmar ta shiga Faransanci, sai avare ta karkata ga rowa. Harpagon na wasan L'Avare, wanda Molière ya rubuta a 1668 bisa wasan Latin Aulularia na Plautus, mutum ne da ya binne akwatin kuɗinsa a lambu, yana matsa wa 'ya'yansa. Wannan mai hannun jarirai ne. Haɗama kuwa ta koma hannun cupide, daga aikatau cupere na Latin, wato marmari. Daga wannan saiwar Sifaniyanci ya samo codicia, harshen Fotugal ya samo cobiça. Cupide ce ta dace da jami'in da ya wawure dukiyar jama'a, domin irinsa sau da yawa ba ya rowa, facaka ma yake yi.

Ga yadda muke koya wa ɗalibai. A duba inda kuɗin ya nufa a cikin jimlar. In janyowa ake yi, haɗama ce ko handama. In riƙewa ake yi, rowa ce ko maƙo, nan ne radin na Faransanci da tacaño na Sifaniyanci suke zama. In abinci ne, Latin na cewa gula, asalinta maƙogwaro, mu kuma mu ce zari ko kwaɗayi.

Sai a kula da avide. Tana iya zama yabo: avide de savoir mai ƙishirwar ilimi ne. Haka parcus na Latin, yawanci mai tattali ne, kada a mayar da shi zagi. Masu aiki da Ingilishi ma su lura: miser a Latin mai wahala ne abin tausayi, daga baya Ingilishi ya ɗora masa ma'anar rowa.

Wassalam.

Wasu malaman Faransanci,
Damagaram