Godiya ga garejin da ya raba motar mahaifina da kukan birki

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Baba mai gareji da yaransa, a layin makanikai da ke kusa da tsohuwar Panteka, Tudun Wada, Kaduna.

Baba, na yi muku godiya da baki ranar da na karɓi mota, amma zuciyata ba ta gamsu ba. Shi ya sa na rubuto a fili, domin masu riƙe da tsofaffin motoci irina su san inda za su nufa.

Motar tawa Peugeot 504 ce mai dogon baya, wadda mutanenmu ke kira Fijo. A nan Kakuri aka harhaɗa ta, a masana'antar PAN, wato kamfanin Peugeot na Najeriya, da ta fara fitar da motoci a 1975, marigayi mahaifina kuma ya saye ta sabuwa a 1983. A cikinta aka kai mu makaranta, a cikinta aka kai ƙannena mata ɗakunan mazajensu. Don haka duk mai ce mini in sayar da ita in huta, bai san abin da yake taɓawa ba.

Bayan damina ta ɗauke sai motar ta fara kuka. Da farko siriri ne, ƙiii, idan na taka birki a cunkoson Ahmadu Bello Way. Cikin mako uku ya koma gurza, kamar ana wasa wuƙa a dutse, har masu Keke suna waiwayowa. Na kai ta wani wuri, mai gyaran ko zama a cikinta bai yi ba ya ce birkin gaba ne, ya canza. Kuka na nan. Na koma, ya ce to boris ne, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, in kawo kuɗi. A nan jikina ya ba ni cewa lalube ake yi da aljihuna, na janye.

Abin da ya fara burge ni a wurinku shi ne ba ku taɓa sifana ba sai da kuka saurari motar. Kuka ce, "Ɗana, shiga ka tuƙa, ni zan zauna a baya." Muka fita titi, kuka sa na yi gudu, na rage, na karya kwana dama da hagu ba tare da taka birki ba. Shiru. Kuka bayyana mini cewa boris idan ya ci, gurnaninsa yana bin gudun mota ne, yana kuma sauyawa a kwana, babu ruwansa da ƙafar direba. Sannan a wuri mara cunkoso, muna tafiya a hankali, kuka ce in ɗan ja birkin hannu kaɗan. Nan take kukan ya fito. Birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, ashe ke nan gaba ba ta da laifi tun farko. Da muka tsaya kuka kusanta bayan hannunku ga kowace taya, ta baya ta hagu ta fi ta dama zafi nesa ba kusa ba. Ko minti ashirin ba a yi ba, ko kwabo ban kashe ba, an san inda ciwon yake.

Da aka ɗaga motar aka zare durom ɗin hagu, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya, kun kira ni in tsuguna in gani da idona. Wannan ma ba kowa ke yi ba. Silindar birki tana yoyo, man birki ya jiƙa shu, wato abin da ke matse durom daga ciki idan an taka birki, ya haɗu da ƙura ya zama baƙin kwaɓi. Ɗaya daga cikin sifirin da ke janye shu idan an saki birki ya saki jiki, shi ya sa shu ɗin ke manne da durom ko da ƙafata ba ta kan feda, yana ci yana zafi. Lainin, wato shimfiɗar da ke fuskar shu, ya cinye har kan ƙusoshin da suka riƙe shi sun fito, su ne ke kartar ƙarfe. Kuka sa na shafa yatsa a cikin durom ɗin, na ji layuka kamar kunyoyin gona.

Akwai wani abu ƙarami da ba zan manta ba. Wani yaro ya sunkuya zai hure ƙurar da baki, kuka daka masa tsawa, kuka sa ya jiƙa tsumma ya goge. Kuka ce lainin tsofaffin motoci da yawa da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuwa idan ta shiga huhu ba ta fita. Mutumin da ke kula da numfashin yaransa haka, na san ba zai yi wasa da ran mai mota ba.

Wajen gyara ma ba ku bi hanyar sauƙi ba. Na zaci za a ce in sayi sabon durom. Sai kuka auna faɗin cikinsa, kuka ce da sauran nama, kuka aika da shi Panteka aka fefe shi a inji ya dawo sumul, kuka sake aunawa kafin ku yarda a mayar. Shu kuwa kun dage sai an canza na ɓangarorin biyu tare, ko da yake na dama yana da sauran rai, domin idan ɗaya ya fi ɗaya kamawa mota kan fizge gefe a lokacin da ake tsananin bukatar ta tsaya. Na ɗan yi jinkiri saboda kuɗi, ba ku matsa mini ba, kun dai faɗi dalili kun bar ni na yanke. Aka sa sabuwar silinda da sababbin sifirin, aka ɗiga ɗan giris a wuraren da shu ke gogar farantin baya, ana kiyaye kada ya taɓa lainin. Tsohon man birkin ya yi duhu kamar shayi don ya sha ruwa tsawon shekaru, aka zubar da shi, wani yaro yana taka feda wani yana buɗe nonon silinda har iska ta fita duka. Daga ƙarshe aka saita birkin hannu.

La'asar ta yi muka fita gwaji a Western Bypass. Na taka a hankali, na taka da ƙarfi, ba abin da nake ji sai injin. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, domin haka take tsayawa a hannun mahaifina.

Kun ƙulle mini tsofaffin kayan a leda kuka miƙo, kuka nuna mini rasit ɗin kowane abu da aka saya. Kun gargaɗe ni in riƙa taka birki a hankali na 'yan kwanaki har sabon shu ya zauna, in kuma dawo bayan mako guda a sake saitawa. Na dawo, aka saita, na sa hannu a aljihu kuka ce in mayar, wannan yana cikin aikin farko.

Asabar da ta wuce na kai mahaifiyata Zariya gaisuwar 'yan uwa a cikinta, muka je muka dawo lafiya. Ta ce in isar muku da gaisuwarta, tana kuma sa muku albarka. Allah ya ƙara wa hannunku albarka, ya raya yaran da kuke koyarwa, ya kare ku daga sharrin ƙarfe.

Naku,
Mai tsohuwar Fijo fara, daga Unguwar Sanusi, Kaduna.